Istiraha a Shafa ta Ɗa'ifa: Yadda Ta Karɓi Masu Haɗa Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa

Wannan sharhi ne a kan wata istiraha, wato gidan hutu na haya, da ke Shafa, bisa duwatsun da ke kudu da birnin Ɗa'ifa, wadda ƙungiyarmu ta marubuta da makaɗa Hausawa mazauna Jidda da Makka ta kama haya a watan Afrilu, domin mu keɓe kanmu mu haɗa wani sabon wasan kwaikwayo na dandamali wanda waƙa ce take jan labarinsa. Na sakaya sunanta saboda akwai koke a cikin bayanina, kuma mafi yawan koken ya shafi irin ginin ne baki ɗaya, domin duk wanda ya buɗe manhajar hayar masauki ya nemi Shafa ko Hada, wani tudun shaƙatawa da ke yamma da Ɗa'ifa, zai ga ire-irenta birjik: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, sashen maza da sashen mata, tanti a tsakar gida, da ɗan fili mai ciyawar roba. An gina waɗannan gidaje ne domin dangi su taru kwana ɗaya ko biyu, su gasa nama, yara su yi guje-guje, a watse. Abin da nake so in auna shi ne ko gida irin wannan zai iya ɗaukar mutanen da suka zo da takardu da kalangu da fiyano, waɗanda aikinsu yake buƙatar shiru da safe da kuma amo da dare.

Wurin ya yi wa rubutu hidimar da ta wuce kuɗin da muka biya, ya yi wa gwajin kiɗa hidima rabi da rabi, sannan ya gaza ƙwarai a wajen ɗaukar sauti. Saboda haka amfaninsa ga kowace ƙungiya ya danganta ne da matakin da aikinta ya kai ranar da za ta hau dutsen.

Wajibi ne in ɗan bayyana aikin da muka kai can, tun da shi ne ma'aunin gidan. Labarin wasan labari ne da kusan kowane tsohon gidan Hausawa a Hijaz yake da guntunsa a bakin kakanni. Wani iyali ne ya baro ƙasar Hausa a ƙafa bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, da kuma yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, suka yada zango a Mai Wurno, garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sannar a ƙasar Sudan. 'Ya'yansu suka shiga tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, sai jikoki ne suka samu tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A cikinmu akwai haifaffun Makka waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu kaifi, akwai wanda ya tashi a Wad Madani ta Sudan ya zo Jidda neman abinci, akwai ɗalibai daga Kano da Damagaram, akwai kuma wata Hajiya, tsohuwar malamar makaranta, wadda take riƙe da maganganun mata a wasan. Mun daɗe muna haɗuwa da daddare a Jidda bayan kowa ya tashi daga aiki, amma kashi na ɗaya na wasan ya ƙi ƙarewa, domin kafin a zauna a gaisa a tuna inda aka tsaya, dare ya raba.

Tudun Ɗa'ifa ya haura mita 1,800 sama da teku, Shafa kuma ta fi ta, ta wuce mita 2,000, don haka a lokacin da Jidda ta fara ɗaukar zafi da gumi, can sai da bargo ake kwana. Masu son tarihi za su ƙara da cewa kasuwar Ukaz, inda mawaƙan Larabawa suke baje kolin ƙasidunsu kafin Musulunci, tana wannan yanki, kuma a 2023 UNESCO ta sanya Ɗa'ifa cikin biranen adabi na duniya. Duk gaskiya ne, amma mu dai sanyi da sauƙin kuɗin tsakiyar mako ne suka kai mu. Daga Makka tafiyar kimanin kilomita 90 ce ta hanyar Hada, hanya mai kyau amma mai yawan kwana, wadda ake rufewa idan hazo ya sauka ko ruwa ya yi ƙarfi, a karkatar da motoci zuwa hanyar Sail mai ɗan tsawo. Afrilu watan hadari ne a duwatsun nan, saboda haka kada a sa zaman aiki na farko a yammacin ranar isowa. Daga tsakiyar Ɗa'ifa zuwa Shafa akwai ƙarin kusan rabin sa'a, kuma ƙarshen hanyar da ta kai ƙofar istirahar ba kwalta, abin da hotunan manhaja ba su nuna ba. Wanda yake son ya rufe zamansa da umra zai samu miƙatin Wadi Muhrim a kan hanyarsa ta saukowa ta Hada, ko Ƙarnul Manazil idan ta Sail ya bi.

Kama wurin bai ba mu wahala ba. An tura kafin alƙalami ta manhaja, an biya sauran da mada, katin banki na Saudiyya, an ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a ƙasar tun 2020, an kuma riƙe wani kuɗin ajiya saboda ɓarna. Tun da hutun mako ya koma Juma'a da Asabar a 2013, kwanan Alhamis da na Juma'a su ne masu tsada. Mu kuwa mun shiga a farkon mako mun fita kafin cunkoso, aka yi mana ragin da ya sa kason kowa bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Abin da ya kamata a tsayar a rubuce shi ne batun yini, domin tsarin istiraha na dare ne: a shiga da la'asar, a fita da hantsi ko azahar, a share wa masu zuwa. Mai gidan ya amince mu ci gaba da zama ba tare da fita ba, amma labarin bai kai ga maigadi ba, sai ga shi washegari da tsintsiya a hannu yana jiran mu kwashe kaya.

Babban ɗakin sashen maza majalisa ce irin ta Larabawa, shimfiɗa da matasan jingina kewaye da bango, ba tebur ba kujera. Ga mai rubutu da kwamfuta wannan azaba ce ga baya da wuya, kuma teburan robar da maigadi ya nemo mana ba su isa ba. Amma ga karatun wasa da murya zaman ya dace matuƙa, domin kowa yana ganin fuskar kowa, babu shugaba a kan tebur, kuma idan wani zance ya mutu a bakin mai karantawa, nan take ake ganin mutuwarsa a idon masu saurare, ba sai an yi sharhi ba. An hana manna takarda a bango saboda fenti, sai muka rubuta kowace fitowa a kati guda muka jera su a igiyar shanya da ke tsakar gida, fitowar magana da farin kati, ta waƙa da shuɗi. Tsayawa a gaban igiyar nan ne ya nuna mana cewa kashi na biyu, wato zaman Mai Wurno da Jazira, yana da waƙoƙi huɗu a jere ba abin da ya motsa a tsakaninsu, alhali ƙetare Darfur, inda iyalin suka binne uwarsu, ba shi da waƙa ko ɗaya.

Rabuwar gidan zuwa sashe biyu tana cikin manyan ribarsa. Sashen mata yana da ƙofarsa da bayinsa da ɗakin girki, wanda ya sa Hajiya da 'yan matan da suke waƙa tare da ita suka iya zuwa da yardar gidajensu, abin da ba zai yiwu a falon wani gwauro a Jidda ba. Tsarin yininmu ya bi lokutan salla ba tare da wani ya zana jadawali ba: daga asuba zuwa azahar kowane sashe yana nasa rubutun, bayan la'asar a haɗu a tsakar gida a karanta, bayan isha a gwada waƙa. Waƙar tsinkar auduga, wadda nake ganin ita ce mafi ƙarfi a wasan, a ɗakin girkin aka haife ta. Matan sun cika baho da ruwa, suka kifa ƙwarya a kai suna kaɗawa yadda ake yi a gidan biki, suka yi ta jefa wa juna baitoci har amshin ya zauna, sannan aka kira mu mu ji daga bakin ƙofa. Da a ɗaki ɗaya muke da su, da maza sun cika wurin da shawara tun kafin waƙar ta tsaya da ƙafarta.

Gardama mafi tsawo ita ce ta inda waƙa za ta shiga. Matasan cikinmu sun tashi da finafinan Hausa da na Indiya, inda labari yake tsayawa cak, a rera waƙa, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Dattijon da yake riƙe da tsarin labarin ya ƙi wannan, yana cewa a dandamali ba a yanka hoto a sauya wuri, mai kallo yana zaune ne yana duban mutumin da ya gama magana yanzu ya ɓarke da waƙa, kuma idan babu dalili dariya zai yi. Hujjarsa ita ce Bahaushe ya saba jin waƙa a inda take da gurbi: a bakin turmi da dutsen niƙa, a gona ranar gayya, a wajen raino, a gidan biki, a fada, a bakin almajiri mai bara, da a bakin masu bege. Muka tsaya a kan sharuɗɗa biyu, cewa kowace waƙa sai ta fito daga wani aiki ko wata hidima da ake gani a dandamali, kuma sai ta bar labarin a wani hali dabam da wanda ta same shi. Da wannan ma'auni waƙoƙin soyayya biyu suka faɗi, masu su suna ji suna gani. 'Yan amshi kuma suka samu matsayi na gaske, domin mun mai da su ayarin kansa, madugu yana bayarwa suna karɓa, kuma yawansu yana raguwa daga zango zuwa zango, ta yadda mai kallo zai ji mutuwa da rabuwa a kaurin amshin ba tare da an faɗa masa ba. Shawara irin wannan ba ta fitowa a zaman sa'a biyu. Sai an yi fushi, an tashi an sha shayi, an zaga bayan katanga, an dawo. Gidan yana da lungunan da mai fushi zai je ya huce ba tare da ya shiga mota ya koma gidansa ba, kuma a ganina wannan shi ne ainihin abin da muka biya kuɗinsa.

Sai kuma rikicin alƙalami da fiyano. Mai rubuta mana baitoci ya koyi waƙa ne ta hanyar aruli, yana auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi a kan ma'aunan da rubutacciyar waƙar Hausa ta aro daga Larabci, irin su Kamil da Mutaƙarab, yana kuma tsare amsa-amo a ƙarshen kowane baiti. Mai fiyano kuwa yaro ne haifaffen Jidda, kunnensa cike da kiɗan Hijaz da na Sudan, kuma ya saba ya fara tsara karin murya sannan a zuba masa kalmomi. Matsalar ita ce Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali, kuma idan kiɗa ya ɗaga murya a gaɓar da harshe yake saukewa, ko ya ja wasalin da yake gajere, mai saurare zai ji wata kalma dabam, ko ya ɗauka baƙo ne yake rerawa. Alƙalin da muka samu shi ne makaɗin kalangu. Ana karanta masa ɗango da muryar magana, ya kaɗa shi yana matse igiyoyin kalangun a hammata yana sakewa, hawa da saukar maganar su fito fili, sannan a ce wa mai fiyano ya gina nasa a kan wannan. Da yaron ya yi ƙorafi cewa an ɗaure masa hannu, Hajiya ta ce masa, “Ɗana, kiɗanka yana da daɗi, amma kakarka ba za ta gane abin da muke faɗa ba, ita kuwa muke so ta zauna a sahun gaba.” Ya ce, “To, Hajiya, a bar mini amshin in yi yadda nake so.” Aka bar masa, kuma amshin da ya kawo, mai sautuka biyar irin na kiɗan Sudan, wanda bai yi nisa da kunnen Bahaushe ba, ya zauna daram a kashi na biyu. Ɗango ɗaya yakan ci rabin sa'a a wannan hanya, kuma ba aiki ba ne da ake iya yi ta saƙon murya a waya.

A nan ne gidan ya fara nuna iyakarsa. Majalisar tana da tayil a ƙarƙashin kafet ɗin da bai rufe ko'ina ba, da bangon siminti mai santsi, da silin mai tsawo, da manyan tagogin gilashi, kuma duk waɗannan mayar da sauti suke yi. Magana a hankali tana fita lafiya, amma da zarar kalangu ya shiga 'yan amshi kuma suka ɗauka, sai ɗakin ya koma kamar ana waƙa a cikin rijiya, ƙarshen kowace kalma ya hau kan farkon mai bi mata. Ga masu aikin da ya rataya a kan a ji tsawon wasali, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Mun jingina katifu a bango, mun rataya barguna a tagogi, amsa-kuwwar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ɗaukar sauti kuwa sai haƙuri, domin injin tura ruwa yana tashi duk sanda ya ga dama, firiji yana gurnani, iska tana kaɗa ƙofar ƙarfe, da yamma kuma yaran maƙwabta suna sukuwa da babura masu ƙafa huɗu a bayan katanga. Abin da muka ɗauka ya isa 'yan wasa su haddace da shi, amma bai isa a kai wa mai ɗaukar nauyi ko a sa a intanet ba.

Tantin da ke tsakar gida, irin na saƙar gashi da Larabawa suke kafawa da murhun garwashi a ciki, shi ne ya cece mu. Bangonsa yana shanye sauti maimakon ya mayar da shi, kowace kalma tana fita tsaf, kuma duk ƙungiyar da za ta nemi istiraha domin kiɗa ta duba hoton tanti kafin ta duba hoton falo. Sai dai tantin ba ya tare sanyi, ba ya kuma tare hayaniyar waje. Idan hazo ya sauko da yamma, fatar kalangu da ta bandiri takan saki, amonsu ya mutu, sai an kanga su a garwashi kafin su dawo, yatsun mai fiyano kuma su sandare. Mawaƙan da suka taso daga bakin teku sun ji tudun a ƙirjinsu, numfashi yana yanke musu kafin ƙarshen dogon ɗango. Shayin citta da zumar Ɗa'ifa, wadda ake sayarwa a bakin hanya, ya taimaka wa maƙogwaro. Ba daidai ba ne a yanke wa mawaƙi hukunci a kan muryar da ya fitar a Shafa, kuma bai kamata a gajarta baiti saboda numfashin da aka rasa a can ba, tun da a Jidda za a yi wasan.

Kokena mafi girma a kan dokar amo ne. A rubuce, sharaɗin hayar ya hana amfani da lasifika a waje bayan tsakar dare, kuma mun yi wa mai gidan bayanin aikinmu dalla-dalla kafin mu biya, ya ce ba damuwa. Amma a daren farko, isha ba ta daɗe da wucewa ba, maigadin ya zo ya ce a daina kiɗa gaba ɗaya, har da kalangun da ba a jona shi da komai ba, wai maƙwabta za su kai ƙara. Mun kira mai gidan bai ɗauka ba sai washegari, sannan ya ce maigadin ya fi shi sanin unguwa. Dole muka cusa gwajin kiɗa tsakanin la'asar da magariba da ɗan lokaci bayan isha, wanda ya ci lokacin karatu ya kuma rage mana kusan rabin abin da muka tsara. Abin da ya ƙara ɓata mana rai shi ne a darenmu na ƙarshe wata istiraha da ke kusa ta cika da masu walima, lasifikarsu tana tashi har kusan asuba, ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ban zargi maigadin da mugunta ba, domin mutum ne mai ladabi da saurin aike, kuma a fili yake cewa amon kalangu baƙo ne a kunnensa, yana tsoron abin da bai saba ji ba ya jawo masa magana. Laifin na mai gidan ne, da ya yi alkawari ta waya bai sanar da wanda yake riƙe da makulli ba.

Filin tsakar gida ya isa a gwada tsayuwa da shiga da fita, ba ƙari. Wurin iyo ya cinye tsakiyarsa, ga lilon yara a gefe, sai muka shata dandamali da igiya a ragowar. Fitowar ƙarshe, isowar jikoki Jidda, mun gina ta ne a kan mizmar, wasan Hijaz na sanduna da tafi da ganguna, wanda unguwanninmu na Makka da Jidda suka sani sarai kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado a 2016, muna so a ji kalangu yana kutsawa cikinsa sannu a hankali har su zama kiɗa ɗaya. Wannan yana buƙatar sahu biyu suna fuskantar juna da fili a tsakani domin masu juya sanda, kuma wurin bai ba mu haka ba.

Abinci ba ya cikin haya. Ɗakin girkin yana da gas da firiji da tukwanen shinkafa, ba muciya ba madambaci, don haka mai son tuwo ya taho da kayansa. Mu mun yi cefanen kuka da daddawa da yaji a Shara Mansur a Makka kafin mu hau. Masu kai abinci ta manhaja ba sa son zuwa ƙarshen wannan hanya. Da safe akwai ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, a kasuwar Shafa, kuma ya kamata baƙo ya ɗanɗana salik, shinkafar da ake dafawa da romo da madara, wadda aka san Ɗa'ifa da ita. Rumman da inabin da garin ya shahara da su sai zafi ya kankama. A Afrilu furen wardi ne ake tsinka da sassafe a gonakin Shafa da Hada, a kai shi inda ake dafa shi a tatsi turare. Ruwa da tanka ake kawowa, kuma ya yanke mana har rabin yini, tukunyar ɗumama ruwa kuma ba ta isar mutum uku a jere da asuba. Intanet ɗin gidan ba ya kaiwa majalisa, na waya kuma sai an hau rufi, wanda ya hana mu aiki a kan kundi ɗaya da kowa yake gyarawa. Ƙaramin injin buga takarda da wani ya ɗauko ya yi mana rana, haka ma doguwar wayar wuta mai bakuna da yawa, domin soket biyu ne kacal a ɗakin.

Wani zai tambaya me ya hana mu neman wurin da aka tanada domin wannan aiki. Gaskiya harkar ta buɗe a Saudiyya: an kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, shekarar da aka sake buɗe gidajen sinima, a 2020 kuma aka kafa hukumomi a ƙarƙashinta, ciki har da ta wasan kwaikwayo da ta adabi da ɗab'i da fassara, wadda take shirya wa marubuta zaman keɓewa a sassan ƙasar. Amma waɗannan ana shigarsu ne ta hanyar nema da tantancewa, ƙungiyar sa-kai kuwa mai rubutu da Hausa, wadda ta haɗa ɗan ƙasa da mai iƙama (takardar izinin zama) da ɗalibi, aljihunta ne gatanta. Ɗakunan gwajin kiɗa a Jidda da sa'a ake hayarsu, kuma ba a kwana a ciki. Zama wuri ɗaya yana kuma da haɗarin da ya kamata a toshe tun ranar farko, domin bayan an yi kwanaki ana jefa baiti ana karɓa, ba wanda zai iya rantsewa cewa ɗango kaza nasa ne. Mun rubuta yarjejeniya kafin a buɗe littafi, wadda ta ware mai labari da mai baitoci da mai kiɗa, ta kuma ce abin da aka haifa a zaman taro na ƙungiya ne, kowa ya sa hannu. Takardar za ta yi amfani ranar da za a nemi izinin hukuma na nuna wasan ga jama'a da tikiti, za ta kuma fi amfani ranar da wata waƙa daga ciki ta yi farin jini a TikTok.

Gabanin tura kafin alƙalami, a nemi mai gida ya rubuta a saƙo sa'o'in da aka yarda a yi kiɗa da kuma cewa ba fita da rana, a tabbatar ya tura wa maigadi saƙon, a tambayi ko akwai tanti da tebura da kuma ranar da tanka take zuwa. Ƙungiyar da ta gama rubutu tana neman gwajin 'yan wasa ko ɗaukar waƙoƙi kada ta wahalar da kanta da hawan Hada. Mu mun sauko da kashi biyu a kammale da na uku a zayyane, gwajin mizmar da ɗaukar sauti kuma mun mayar da su Jidda. Kuɗin ajiya ya dawo bayan mako guda, an cire na wankin bargunan da muka rataya a tagogi, kuma ban ga abin musu a wannan ba.